Filayen Soja Na Birnin Akra: An Rushe, An Gina, Ina Rabon Nima?

Duk falken da ya taɓa kawo albasa ko wake ko dabbobi birnin Akra, wanda iyayenmu ke kira Ankara, ya kuma sauka a Nima ko Mamobi, da wuya a ce bai bi ta titin Liberation ba. Shi ne babban titin nan da ya taso daga wajen filin jirgin sama, ya ratsa ta gaban Asibitin Soja na 37, ya gangara cikin gari. Idan mutum ya wuce asibitin kaɗan zai hangi wani ƙasaitaccen gini mai siffar kujerar sarautar Ashanti, sojoji na gadin ƙofarsa. Wannan ita ce fadar shugaban ƙasar Gana. Daga bayanta kuwa, in ka tsallake Kanda, sai rufin kwanon gidajenmu na Nima, wasu sun yi tsatsa, wasu an danne su da duwatsu.

Abin da baƙi da yawa ba su sani ba shi ne, kusan duk wannan yanki, tun daga fadar har zuwa filin jirgi, filin soja ne a zamanin Turawa. A shekarar 2006 an share wurare biyu a kan wannan titi guda, dukkansu masu tarihin soja, domin a yi wani abu dabam da filayensu. Ɗaya gidan babba ne, ɗaya kuma matsugunin ƙananan sojoji. Yadda aka yi da kowannensu shi ne abin da muke son mu baje wa mai karatu, domin maganar ta shafi duk mai rumfa ko shago ko ɗakin ajiya a ƙasar da ba shi ke riƙe da takardarta ba.

Kafin mu kai can, ya kamata a san abin da ya haɗa Zango da soja tun farko. A shekarar 1863 wani Baturen Ingila mai suna Kyaftin Glover ya kafa wata 'yar runduna a Ikko, akasarinta Hausawa, da yawansu bayi ne da suka tsere wa iyayengijinsu. Da yaƙin Ingila da Ashanti ya tashi a 1873, sai aka kwaso su zuwa wannan ƙasa, suna cikin rundunonin da suka yi yaƙin da ya ƙare da ƙone Kumasi a watan Fabrairun 1874. Bayan yaƙi wasu ba su koma ba. A 1879 aka kafa rundunar tsaro ta Gold Coast da su a matsayin ginshiƙi, ita ce kuma ta rikiɗe ta zama cikakkiyar rundunar soja a 1901. A tsakanin nan, a 1877, Turawa suka ɗauke babban birninsu daga Cape Coast zuwa Akra, soja kuwa inda gwamna yake nan yake.

Sai dai a yi hattara da kalmar "Hausa" a bakin Bature. Duk wanda ya fito daga arewa ya sa kaki, Bahaushe ne a wurinsa, ko da kuwa Bazabarme ne, ko Mosi, ko Gurunshi, ko Dagarti, ko Babarbare. Hausa ce harshen bariki, da ita ake ba da umarni, da ita ake zagi, da ita ake waƙar maci. Sau da yawa ma magatakarda ba ya tambayar sunan uban mutum, sai ya liƙa masa sunan ƙabilarsa ko garinsu. Haka aka samu Alhaji Grunshi, sojan da tarihi ya rubuta cewa shi ne ya fara harba bindiga a ɓangaren Ingila a Yaƙin Duniya na Ɗaya, a ƙasar Togo cikin watan Agustan 1914. Ba kuma za mu ɓoye ba cewa aikin da aka sa su ba duka ne abin alfahari ba. Da su aka murƙushe sarakunan ƙasa, kuma ba banza ba mutanen kudu suka laƙaba wa 'yan sandan arewa suna "buga-buga". Amma jininsu ne ya zuba, kuma zuriyarsu na nan cikinmu.

Ita kanta Nima soja ne ya raya ta. A farkon shekarun 1930 Malam Amadu Futa ya samu izinin zama a wurin daga gidan Odoi Kwao na Osu, lokacin daji ne da ake tsayar da shanu kafin a shigar da su kasuwa. Da Yaƙin Duniya na Biyu ya zo, Amurkawa da Ingilishi suka cika filin jirgi da unguwar Cantonments, aka buɗe asibitin 37 a 1941, sai aiki ya samu. Kuku da boyi da mai wanki da mai gadi da lebura, duk suna bukatar wurin kwana kusa da bariki, ga Nima a bayan katanga. Da aka sallami sojojin da suka dawo daga Habasha da Bama, da yawansu nan suka sauke jakarsu. Kuma da yake a wancan lokaci Nima ba ta cikin iyakar hukumar birni, sai a shekarun 1950 aka shigar da ita, babu wanda ya zo ya fitar da titi ko magudanar ruwa. Kowa ya gina inda mai unguwa ya nuna masa. Wannan lungu-lungu da baƙi ke ɓata a ciki, asalinsa ke nan.

To, mu koma kan gidan babba. Sunansa na asali Flagstaff House, wato gida mai sandar tuta, kuma nan ne mazaunin babban kwamandan sojan Ingila. Haka Turawa ke kiran gidan kwamanda a ƙasashen da suka mallaka. Akwai mai wannan suna a Ikko, akwai a Hong Kong, akwai kuma a Delhi, wanda Firayim Minista Nehru ya zauna a cikinsa har rasuwarsa a 1964, daga baya aka mayar da shi gidan tarihi. A nan Akra ma hakan ta faru, domin Kwame Nkrumah ya mayar da gidan mazauninsa da ofishinsa. A harabarsa ne ranar 2 ga Janairun 1964 wani ɗan sanda ya buɗe wa Nkrumah wuta, harsashi ya samu mai tsaron lafiyarsa, Salifu Dagarti, ya rasu. A ƙofarsa ne kuma aka yi musayar wuta ranar 24 ga Fabrairun 1966, lokacin da su Kotoka da Afrifa suka hamɓarar da gwamnati, shi kuwa Nkrumah yana kan hanyarsa ta zuwa Hanoi. Daga nan wurin ya koma hannun soja, ya yi shekaru yana ɗauke da ofisoshinsu.

Mu 'ya'yan Nima da Kanda da muka taso a shekarun 1980 da 1990 ba da wannan tarihi muka san wurin ba. Da gidan zu muka san shi. Nkrumah ne ya tara namun daji a gefen gidan, bayan juyin mulki aka buɗe wa jama'a, ya zama wurin yawon Sallah mafi kusa da mafi araha ga yaran Zango. Da ƙafa ake zuwa. Wanda bai taɓa ganin zaki ba sai a tatsuniya, can ya fara jin gurnaninsa.

Gwamnatin Shugaba Kufuor ce ta yanke shawarar gina sabuwar fada a filin, daidai lokacin da ake shirin bikin cikar ƙasa shekara 50 da samun 'yanci a 2007. Hujjarta kuwa mai ƙarfi ce, ba za mu ƙi faɗa ba. Har zuwa lokacin shugaban ƙasa yana mulki ne daga ganuwar Osu, wadda mutanen Denmark suka gina a bakin teku, inda aka riƙa tsare bayi kafin a loda su a jirgin ruwa. Ƙasar da ke alfahari da 'yanci, a ce daga kurkukun bayi ake mulkinta, ai abin kunya ne. Aka karɓo rancen dala miliyan 30 daga Indiya, kamfanin Shapoorji Pallonji na can ya yi aikin, kodayake abin da aka kashe daga ƙarshe ya haura haka, 'yan adawa kuma suka yi ta kururuwa cewa ana gina fada alhali talaka na neman ruwan sha. A 2006 aka rufe gidan zu, aka kwashe dabbobin zuwa Kumasi, aka share fili. Amma gidan da Nkrumah ya zauna ba a taɓa shi ba, an bar shi tsaye cikin harabar saboda tarihi. A watan Nuwamban 2008 aka buɗe sabon gini da sunan Golden Jubilee House.

Abin da ya biyo baya kuma sai ya koma wasan yara. Shugaba Atta Mills ya hau a 2009 ya ƙi tarewa, ya ci gaba da aiki a Osu har rasuwarsa a 2012, a zamaninsa kuma aka maido da tsohon suna Flagstaff House. Ma'aikatar harkokin waje ce ma ta fake a ginin na wani lokaci bayan gobara ta cinye ofishinta a 2009. Shugaba Mahama ne ya tare a watan Fabrairun 2013. A watan Maris na 2018 Shugaba Akufo-Addo, wanda gidansa na gado ke nan Nima, ya sake sa masa Jubilee House. Gini ɗaya, an raɗa masa suna sau uku cikin shekara goma, kamar ɗan da dangin uwa da na uba ke rigima a kansa.

Yanzu sai mai karatu ya hau turoturo daga ƙofar fadar ya nufi filin jirgi. Tafiyar 'yan mintuna ce zuwa mahaɗar Opeibea. A nan ne Legion Village take, wato ƙauyen da aka tanada wa tsofaffin sojoji bayan Yaƙin Duniya na Biyu, musamman waɗanda suka dawo da rauni ko ba su da inda za su nufa. Ba wani gini na a zo a gani ba ne, 'yan ɗakuna ne jere irin na bariki. Lokacin da aka kafa shi bayan gari ne. Amma gari ya yi ta tafiya har ya cim masa ya wuce, filin ya zama ɗaya daga cikin mafi tsada a duk faɗin ƙasar. Tsofaffin suka yi aure, suka haifi 'ya'ya da jikoki, aka yi ta ƙara rumfuna da ɗakunan katako, baƙi ma suka raɓu.

An gina wa tsofaffin sojojin wani sabon matsuguni a Amasaman, can hanyar Nsawam. A 2006 kuma jami'an tsaro suka zo da motar rusau suka baje abin da ya rage, ɗaruruwan mutane suka wayi gari kayansu a bakin titi. Hukuma ta tsaya a kan cewa masu haƙƙi an riga an sauya musu wuri, waɗanda suka rage 'yan kama-wuri-zauna ne. Ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan Adam kuwa suka ce a cikinsu akwai iyalan sojojin, kuma ba a ba su wa'adin kirki ba. Mu dai abin da muka lura da shi shi ne, kowane ɓangare yana da tasa gaskiyar, domin an ba soja ɗaki ne saboda hidimarsa, ba a ba shi takardar fili ba. Ranar da ya mutu, matarsa da 'ya'yansa da aka haifa a ɗakin sun zama baƙi a idon doka. Wanda ya bi ta yankin a yau, dogayen benaye na gilashi zai gani, da bankuna da otal-otal.

Sai a auna. A shekara guda, a kan titi guda, an samu wanda ya tuna cewa gidan kwamanda da Nkrumah tarihi ne, kada a rushe. An samu wanda ya tuna cewa zaki da biri suna bukatar mota da sabon keji. Ɗakin kofur da farabiti ne kawai aka ga ba shi da wani tarihi sai darajar ƙasar da ke ƙarƙashinsa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Ko sunayen barikokin ƙasar nan mutum ya duba zai ga haka: Burma Camp, da El-Wak, da Arakan, da Gondar, da Kamina ta Tamale, duk sunayen fagagen yaƙi ne. An tuna inda aka yi yaƙin, waɗanda suka yi shi kuwa sai wanda Allah ya tsaga da rabonsa, kamar su Saje Adjetey da Kofur Attipoe da Farabiti Odartey Lamptey, tsofaffin sojoji uku da aka harbe ranar 28 ga Fabrairun 1948 a kan hanyarsu ta kai wa gwamna kukan haƙƙinsu. Kisan nan nasu ne ya tayar da tarzomar da ta gaggauta samun 'yanci.

Ba muna cewa duk tsohon gini sai an bar shi ba ne. Birni kamar kasuwa yake, rumfar da ba ta ciniki dole wata rana a ba wani. Kuma ana iya adanawa idan an so, ga misali nan a Kumasi, inda ganuwar da Turawa suka gina a ƙarshen ƙarni na 19, wadda Yaa Asantewaa ta yi wa ƙawanya a 1900 da gwamna da sojojin Hausa a ciki, take tsaye a tsakiyar gari a matsayin gidan tarihin soja, duk da cewa filinta zai yi kuɗi ba kaɗan ba. Abin tambaya a nan shi ne, idan za a sauya wa fili aiki, wa ake tambaya, wa ake biya, kuma ina ake kai wanda aka tasa?

Tsarin mulkin Gana na 1992 bai yi shiru a kan wannan ba. Sashe na 20 ya ce idan gwamnati za ta karɓi fili don amfanin jama'a, dole ta biya diyya mai kyau ba tare da jinkiri ba, ta kuma sake wa waɗanda ta tasa matsuguni. Ya ƙara da cewa idan ba a yi amfani da filin a kan abin da aka karɓe shi dominsa ba, to mai shi na asali ne ke da haƙƙin farko na karɓarsa. Da wannan ne sarakunan Ga, musamman na La, suka daɗe suna jayayya da hukuma a kan filayen da Turawa suka karɓa da sunan soja, suna cewa an karɓa don bariki, yanzu kuma ana yanka wa masu kuɗi. To amma a lura, mai shi na asali doka ta ce. Ɗan Zango ba ya cikin wannan layi. Shi ba gwamnati ba, shi ba mai ƙasa ba, ko da kakansa ne ya sare dajin. Gidaje da yawa a Nima da Mamobi a kan amana da shaidar dattawa suke tsaye, wasu kuma gado ne na mutum ashirin ko talatin da ba a taɓa rabawa a takarda ba. Ga wanda kuma ba ɗan ƙasa ba, kamar yawancin fatakenmu na Nijar da Nijeriya da Burkina, doka ba ta yarda ya mallaki fili har abada ba, iyakarsa haya ta shekara 50.

'Yan kasuwa ba sa bukatar a yi musu dogon bayani a kan rusau. Dattawa suna tuna ranar 18 ga Agustan 1979, da sojoji suka tarwatsa kasuwar Makola ta ɗaya bisa zargin ɓoye kaya, filin ya koma wurin ajiye motoci da ake kira Rawlings Park. Babban masallacin da ke wannan yanki shi ma daga baya ya tafi, kuma a madadinsa ne aka ba Musulmi filin Kanda inda Turkawa suka gina Masallacin Ƙasa da aka buɗe a 2021. Wannan kam an samu canji, amma sai da aka yi shekaru masu yawa ana jira, kuma an samu ne domin akwai shugabanci guda, ƙarƙashin Babban Limami Shaihu Usman Nuhu Sharubutu, da ya riƙe maganar bai sake ta ba.

Na baya-bayan nan kuwa kowane mai albasa daga Galmi zuwa Bawku ya ji shi a aljihunsa. A farkon watan Yulin 2021 aka tashi kasuwar albasa ta Agbogbloshie, aka mayar da ita Adjen Kotoku, fiye da kilomita 20 daga tsakiyar gari, aka kewaye tsohon filin aka ce za a gina asibiti. Adjen Kotoku kuwa ina take? Gaba kaɗan da Amasaman, a kan wannan hanya ta Nsawam da aka kai tsofaffin sojoji. Kamar dai an ware wa duk wanda filinsa ya yi tsada hanya guda ta fita gari. Sabon wurin ya fi fili, babbar mota na juyawa ba wahala, wannan gaskiya ne. Amma matar da ke sarin buhu ɗaya ko biyu ta kai Nima ko Kaneshie, yanzu sai ta biya kuɗin mota zuwa da dawowa, ta kuma ɓata rabin yini, kuma a kan farashin albasar ake ɗora wannan duka.

Shi ya sa a 2019, da ministan ayyuka da gidaje na lokacin, Atta Akyea, ya fito ya yi maganar sake gina Nima da Mamobi a mayar da su unguwar zamani mai dogayen benaye, tare da alkawarin cewa mazauna ba za su yi asara ba, mutane ba su yi guɗa ba. Masu bugo waya a shirye-shiryenmu na rediyo tambaya ɗaya suka riƙa maimaitawa ta fuskoki dabam-dabam: idan an rushe gida mai ɗaki goma sha biyar da iyali takwas, sunan wa za a rubuta a sabon? Ɗan haya fa? Mai shagon da ke bakin titi, wanda cinikinsa ya dogara da kasuwar Laraba, a hawa na nawa za a ba shi rumfa? Kowa na son magudanar ruwa mai kyau da titin da motar kashe gobara za ta iya shiga, babu mai jin daɗin warin babban kwalbatin da ya raba Nima da Mamobi. Amma ganin Dala ba shiga birni ba ne, kuma mutanen da suka ga abin da ya faru a Opeibea da idonsu ba za a zarge su da rashin son ci gaba ba don sun nemi a nuna musu takarda kafin katafila.

Wannan shiri bai kai ga rusau ba, ma'aikatar raya Zango da aka kafa a 2017 ma an rufe ta a 2021. Sai dai abin da ya jawo maganar yana nan bai gusa ba. Nima tana tsakanin fadar shugaban ƙasa da Cantonments da Roman Ridge da unguwar filin jirgi, wato an kewaye ta da filaye mafi tsada a Gana, kuma a gefen manyan titunanta tuni masu kuɗi suka fara sayen gidajen gado ɗaya bayan ɗaya suna ta da benaye, ba tare da wata sanarwar gwamnati ba. Falken da ya ba da kuɗin haya na shekara biyu ko uku a kan ɗakin ajiya a irin waɗannan gidaje, yawanci hannu da hannu ya bayar, ga ɗaya daga cikin magada, a gaban maigidansa na masauki. Ranar da sauran magadan suka sayar, sabon mai gida ba ya cikin wannan alkawari.